Wata takwas a jirgin ruwa: lissafin ruwa, aski da wankan kare

Tun da na dawo rumfar goron Baba a Agege tambaya ɗaya ake ta yi mini, wasu da gaske wasu da tsokana: wai da gaske ne wankan kare na tafi yi a kan ruwa? Amsar ita ce e, da gaske ne, kuma wata takwas na yi ina yi, daga Nuwamban 2023 zuwa Yunin 2024. To tunda bakina ya gaji da maimaitawa, na ga gara in rubuta yadda abin yake, ko da wani ɗan'uwa zai sami irin wannan aikin ya san abin da zai tarar.

Kawuna ne ya samo mini aikin, shi da ya daɗe yana gadi a Ikoyi. Wani Bature ne mai aiki a rijiyoyin man da ke cikin teku, sati huɗu yana can, sati huɗu yana hutu. Ba shi da gida a tudu, gidansa jirgin ruwa ne irin mai tafiya da iska, mai dogon ƙarfe a tsakiya da ake ɗaga ƙyalle a jiki. Tsawonsa bai wuce mita 12 ba. Yana ɗaure a ruwan tashar Legas, kusa da kulob ɗin masu irin waɗannan jirage da aka kafa tun 1932, idan ka tsaya a kai kana hango manyan jiragen Apapa. Shi da karensa suke zaune a ciki, kuma ba a zuwa da kare rijiyar mai, shi ya sa yake neman wanda zai kwana a jirgin ya kula da su biyun, jirgin da karen.

Abin da ya fara nuna mini ranar farko tanki ne. Lita 300 yake ci, wato jarka 12 irin mai lita 25 ɗin nan da muka sani. Babu famfon gwamnati, babu mai ruwa da zai turo kura. Idan ya ƙare, kai za ka shiga ɗan kwalekwalen roba da jarkoki, ka je gaɓa ka ciko, ka dawo ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa saman jirgi alhali ƙasan ƙafarka na rawa. Wanda ya taɓa yin wannan sau ɗaya ba sai an ce masa ya yi tattali ba. Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, don haka littafi na samu na raba abin kamar yadda Baba ke raba kuɗin ciniki: lita 3 na sha, 4 na girki da wanke-wanke, 3 na alwala, 3 na wanka, 2 na kare. Ya kama lita 15 a rana, tanki ya kai ni kwana 20. Wankin tufafi kuwa sai an fita tudu.

Na san mai karatu zai ce, kai da ke zaune a tsakiyar ruwa me ya kai ka lissafin lita? To ai a nan gizo ke saƙa. Ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kuma sabulunmu na yau da kullum ba ya kumfa a cikinsa, sai dai ya yi wani irin dusa-dusa ya manne a jiki. Sabulun ruwa na wanke kwanuka da na wanke gashi su ne ke ɗan yin kumfa. Sannan idan ka yi wanka da shi ka bari ya bushe a jikinka, gishirin zai zauna yana jawo danshin iska, ka wuni kana ɗanƙo kana soshe-soshe, rigar da ta sha shi kuwa ko ta kwana a rana ba ta bushewa sosai. Saboda haka ko ka yi wanka da na teku dole ka ɗauraye da mai daɗi. Dabarar Oga ita ce ƙaramar tukunyar feshi irin ta manoma, sabuwa fil wadda ba ta taɓa ganin magani ba. Ka cika ta, ka buga mata iska, ka jiƙa jiki da feshi, ka kulle, ka goga soso, ka sake buɗewa ka ɗauraye. Lita 3 ta ishe ka har ka ga saura. Da na ba malaminmu labari sai ya yi dariya ya ce ai Baturen nan sunna ya tsinta bai sani ba, domin Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka, sa'i kuwa mudu huɗu ne, bai kai lita 3 ba.

Shi malamin ne kuma ya warware mini batun alwala. Ya ce ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa, hadisin na cikin Muwaɗɗa, kuma wanda ya yi tambayar ma matafiyin teku ne mai ɗan guzurin ruwa kamar ni. Sai dai akwai sharaɗin da muka karanta tun muna yara, kada wani abu ya canza launin ruwan ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Wanda ya san ruwan tashar Legas ya san wannan sharaɗin ba ya cika. Da safe za ka ga mai yana sheƙi a kansa launi-launi, ga leda, ga abin da kwatocin gari ke zubowa. Don haka a inda muke ɗaure, da ruwan tanki nake yi. Ranar da Oga ya dawo muka fita ta bakin mashiga muka wuce Tarkwa Bay zuwa inda ruwa ya koma shuɗi, ranar sai in jefa bokiti da igiya in yi alwala son raina, har da wanka. Alƙibla ma wani aiki ne, domin jirgin na juyawa duk sanda ruwa ya ciko ko ya janye, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar. Akwai na'urar nuna gabas da yamma a gaban sitiyari, daga Legas kusan lamba 63 nake nema.

Aski shi ne abin da ban zata zai zama matsala ba. Kilifa mai caji nake amfani da ita, ana cajinta da batirin da farantin sola ke cikawa, kuma doka ce ba a aski ko gyaran fuska a cikin ɗaki. Sai a can ƙarshen jirgi, ka duba inda iska ke tafiya ka ba ta baya don ta tafi da gashin. Dalilin ba ƙyanƙyami ba ne. A ƙarƙashin daɓen jirgin akwai wani rami inda duk ruwan da ya shigo ke taruwa, da ɗan famfon lantarki da ke zuƙe shi ya watsa waje. Bakin famfon nan akwai rariya, kuma duk gashin da ya faɗi a cikin jirgi, naka ko na kare, ƙarshensa can zai je ya toshe ta. Idan ta toshe a daren ruwan saman Yuni, kana barci ruwa na taruwa a ƙarƙashinka. Kowace Asabar sai na ɗaga katakon na zura hannu na ciro curin gashi kamar ƙwallon goro. Shi ya sa taje kare kullum da safe, a waje, ya fi komai muhimmanci a aikin. Abin da buroshi ya ɗauke bai kai ga famfo ba.

Yanzu sai shi uban gayyar. Namiji ne, ja, mai faɗaɗɗen kunne da ke rufe ramin, nauyinsa kilo 20. Ban taɓa taɓa kare da hannuna ba kafin ranar, mu da muka tashi da jifansu. Sati na farko daga nesa nake tura masa kwano da ƙafa, shi kuma yana kallona kamar ya san ba na so.

Batun bayan gida shi mutane suka fi tambaya. A can goshin jirgi akwai wata tabarmar ciyawar roba mai igiya a kusurwa, an koya masa tun yana ƙarami nan ne wurinsa. In ya gama sai a kwashe, a jefa tabarmar ruwa a jijjiga, a shanya. Duk da haka safe da yamma sai na saka shi kwalekwale mun fita gaɓa ya yi gudu, domin kare da ya wuni a wuri mai mita 12 igiyoyi zai fara taunawa. Ba ya shiga kwalekwalen sai da rigar hana nutsewa mai mariƙi a baya. Ya iya iyo sarai, amma gefen jirgin santsi ne kuma a tsaye yake, idan ya faɗa ba shi da hanyar hawowa sai an kama mariƙin an ɗago shi, ga ruwan wurin yana gudu da ƙarfi lokacin janyewa. An kuma zagaye gefen jirgin da raga saboda shi.

Lita 2 ɗin da na ware masa ba a taɓa ta ko tanki ya yi ƙasa. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma idan ƙishi ya kama shi zai sha na gishiri, shi kuma gudawa da amai yake sa shi, ya ƙara busar da shi. A watan Maris da rana ta buɗe, doron jirgin har ƙona tafin ƙafa yake, sai in shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tawul a inuwa. Duk ranar da ya shiga teku sai an fesa masa ruwa mai daɗi, musamman tsakanin yatsu da hammata, in ba haka ba zai yi ta lasa da cizo har wurin ya yi ja ya fashe. Amma wankan sabulu sau ɗaya ne a wata, da nasa sabulun, namu yana busar masa da fata. Kunnen nan nasa kuma shi ne inda ciwo ke ɓuya, domin a rufe yake ga danshi. Ana goge shi da auduga bayan kowane wanka, kuma idan ka ga yana yawan kaɗa kai ko ka ji wari, to a nemi likitan dabbobi. Farce ma haka. Karen unguwa ƙasa da kwalta ke cinye masa farata, shi na jirgi ba abin da ke ci, sai su yi tsawo su riƙa sa shi zamewa. Duk sati uku nake rage su, kaɗan-kaɗan, saboda akwai jijiyar jini a ciki. Sai duba kaska duk dawowa daga gaɓa, da ƙwaya ɗaya a wata ta wata tsutsa da sauro ke sa wa karnuka wadda ke zama a zuciya. Oga ya rubuta mini a jikin bango abin da ba a ba shi: albasa, cakulan, ƙashin kaza dafaffe, da farasitamol namu. Ni da nake ganin kare komai ci yake.

A gida kuwa ba a ji daɗin aikin ba. Inna ba ta bari in zauna a tabarmarta sai na canza kaya, abokai suka sa mini sarkin karnuka. Baba ya kira ni ya ce, "Kai yanzu duk karatun da na biya maka, ƙarshensa ka zama yaron kare?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, gadi ne nake yi, shi ma karen gadi yake." Ya ce in je wurin malam tukuna. Malam ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai kuma umarni ne da muke bi, ko da yake wasu mazhabobin najasa suke ɗaukarsa. Ya ce ajiye shi don ado shi ne abin ƙi, na gadi kuwa malamai da yawa sun haɗa shi da na kiwo da na gona. Ya ce in ware kwanonsa, in naɗe dardumata in ɗaga, kuma tunda an ba ni amanarsa, hakkinsa na wuyana. Baba bai ce komai ba, amma bai hana ni komawa ba.

Batun gadin kuma ba faɗa kawai na yi ba. Wani dare a watan Afrilu, wajen ƙarfe uku, haushinsa ya tashe ni, irin wanda ban taɓa ji ya yi ba. Na haska tocila sai ga mutum biyu a kwalekwalen katako, babu fitila, sun riga sun kama igiyar kwalekwalenmu inda ƙaramin injin yake. Da suka ga haske ga kare yana neman tsallake raga sai suka saki suka bi duhu. Da injin nan ya tafi, ba shakka ni za a fara tuhuma, Bahaushe mai gadi shi kaɗai a jirgi, kuma da sunan kawuna ya ɓaci tare da nawa. Da gari ya waye na buɗe gwangwanin kifi na ba shi duka, ban rubuta a littafi ba.

Aikin ya ƙare ne da kwantiragin Oga ya ƙare zai koma Turai. A nan na ga kare na da takardu fiye da ni. Akwai ɗan ƙwayar lamba da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, da littafin allurar ciwon hauka, sannan kafin a bar karen da ya fito daga ƙasa irin Nijeriya ya shiga Tarayyar Turai sai an ɗebi jininsa an gwada a tabbatar allurar ta kama, a kuma jira wata uku daga ranar da aka ɗiba. Ni na kai shi aka ɗebi jinin a watan Maris, na riƙe masa kai a cinyata likita na neman jijiya. Ƙarshen Yuni suka tafi. Oga ya bar mini kilifar da tukunyar feshin, ita yanzu Inna ce ta karɓe, da ita ake yayyafa wa huhun goro ruwa.