Abin da Abubakar Imam Ya Yi Bayan Magana Jari Ce

Wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, Tudun Wada ce ke fara tarbarsa. Unguwa ce da ta tashi a wajen ganuwa a zamanin Turawa, inda 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba suka sami wurin zama: akawuna, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. A nan Alhaji Abubakar Imam ya zauna, ba nesa da ginin Kamfanin Gaskiya ba. Shi ma baƙo ne a Zazzau. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, sannan aiki ya kawo shi Zariya.

Idan aka ambaci sunansa, abin da ke fara zuwa a zuciyar Bahaushe shi ne akun nan mai baki, ko kuwa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Amma Ruwan Bagaja ya fito ne a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, kuma littattafai uku na Magana Jari Ce sun fito tsakanin 1937 da 1939. Wato duk abin da aka fi tunawa da shi, ya gama shi kafin ya cika shekara talatin. Bai rasu ba sai 1981. Shekaru arba'in da ɗoriya ke nan da alƙalami bai bar hannunsa ba, amma ba a cika tambayar abin da yake rubutawa a cikinsu ba.

Masu nazarin adabi sukan ba da amsar cikin takaici, su ce jarida da aikin gwamnati sun ƙwace wa Hausa babban mai ƙaga labari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin bai sake yin wani ƙagaggen littafi mai girman waɗancan ba. Sai dai wannan magana tana ɗaukar cewa akwai Imam biyu, ɗaya mai fasaha, ɗaya ma'aikaci, kuma na biyun ya cinye na farko. Tarihin Magana Jari Ce kansa bai yarda da haka ba. Littafin aikin ofis ne. Hukumar Talifi ce ke neman abin da yara za su karanta a makaranta, East ya sa aka aro shi daga Katsina a 1936, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, aka ba shi 'yan watanni. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki kayan wasu, ya sauya musu gari da suna da ɗabi'a, har yaro a Katsina ya ji kamar a bayan gidansu abin ya faru. Wannan ita ce sana'arsa tun daga farko, kuma ita ya ci gaba da yi bayan ya bar aku.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta har shekara goma sha biyu. Ba ta cika shekara guda ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A nan ne aikin ya nuna nauyinsa. Mai karanta jaridar sau da yawa ba shi kaɗai yake karatu ba; malami ne ko akawu da ke zaune a zaure ko bakin kasuwa, mutane sun kewaye shi yana karanta musu da ƙarfi. Dole jimla ta zama wadda kunne zai kama tun karon farko, domin mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake dubawa. Kuma abin da za a faɗa musu ba ƙarami ba ne. Yaya za a bayyana jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa ga mutumin da bai taɓa ganin teku ba? Yaya za a fahimtar da manomi dalilin da rikicin Jamus da Ingila zai tsadar da gishiri da yadi, ya kuma sa a ɗebi samarin garinsu zuwa Bama? Babu ƙamus da zai warware wannan. Kowace kalma sai an yanke shawara a kanta: ko a aro ta daga Turanci a lanƙwasa ta, ko a nemo ta a Larabci, ko a ƙera ta daga abin da mutane suka riga suka sani. Hausar boko da ake rubuta labarai da ita yau, a irin wannan tebur aka sassaƙa kaso mai yawa nata, cikin gaggawa, ana jiran bugu.

Inda wannan fasaha ta fi fitowa fili shi ne Ikon Allah, littafin da ya rubuta tare da East, wanda ya fito a 1949. Littafin kimiyya ne, yana bayanin halittu iri-iri na cikin duniya. A yau da an ce masa rubutun bayanin ilimin fasaha, a ajiye shi can ƙasa da adabi. To amma a dubi sunan kawai. A lokacin da iyaye da yawa ke ganin boko hanya ce ta raba yaro da addininsa, an gabatar da nazarin tsiro da dabba da sararin sama a matsayin kallon ikon Mahalicci. Wanda ya zaɓi wannan suna ya san mai karatunsa, ya san tsoron da ke zuciyarsa, ya kuma kawar da shi tun daga bango kafin a buɗe shafin farko. Marubucin da bai zauna da mutanensa ba, ba zai iya wannan ba ko da ya haddace kimiyyar duka.

Aikin bai rasa ƙaya ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo jaridar hukuma ce, editanta yana tsaye ne tsakanin Turawan mulki, da sarakuna, da samari 'yan boko masu ɗokin sauyi. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Da aka rubuta takardar neman 'yancin kai, bai sa hannu ba. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugard, ya shimfiɗa masa koke-koken Arewa game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e da yadda aka bar ilimi a baya. Masu ra'ayin su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun so a yi sauri fiye da haka, kuma ba laifi ba ne a ce sun fi shi zafi. Shi ya zaɓi ya yi magana daga cikin gida. Ko wannan hikima ce ko taka-tsantsan da ya yi yawa, har yau ana iya jayayya a kai. Da ya dawo, tafiyar ma littafi ya mai da ita, Tafiya Mabuɗin Ilmi, domin wanda bai je ba ya ga abin da ya gani.

Daga nan hanyar ta yi ta rassa. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aikin ya tashi daga rubutu kaɗai ya haɗa da ɗab'i da rarrabawa. A 1951 ya shiga majalisa. Ya yi aiki da hukumar NORLA mai samar da littattafai a zamanin yaƙi da jahilci, ya zauna a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa, ya rubuta tarihin Annabi da littafin aikin Hajji.

Wannan tarihi yana da abin cewa ga wani saurayi ko budurwa a Zariya ko Kano a yau, wanda da safe yake rubuta labarai a gidan rediyo, da rana ya fassara wa wata ƙungiya takardar rigakafi, da dare ya tace shirin bidiyo ko ya sa wa fim fassara. A gida ana ce masa ba shi da takamaimiyar sana'a. Shi ma a ransa yakan ɗauki ɗaya daga ciki a matsayin aikin gaske, sauran kuwa neman abin cefane. Matsalar ba yawan ayyukan ba ce. Matsalar ita ce wanda aka raina a cikinsu, wato rubutun bayani, shi ne wanda kuskure a cikinsa ya fi tsada. Labarin soyayya idan ya lalace, mai karatu ya ajiye shi ya nemi wani. Amma takardar da ke bayanin yadda ake auna maganin feshi, ko sau nawa za a ba yaro magani a yini, idan aka kwafo ginin jimlar Turanci aka jera kalmomin Hausa a kai, manomi da uwa ne za su biya. Irin wannan Hausa ta cika allunan asibiti da saƙonnin waya: kowace kalma daidai take, amma jimlar ba wanda ya taɓa furta irinta a zaure. Gwajin da jaridar Imam ta rayu a kansa, wato a karanta da ƙarfi a ga ko wanda bai yi boko ba ya gane, ba ya cin ko kwabo, amma an daina yin sa.

Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Magana Jari Ce yana nan a shagunan littattafai, ana kuma karanta shi a makarantu. Ikon Allah kuwa ba kowane ɗalibin Hausa ne ya taɓa riƙe shi ba. A 1989 kamfanin NNPC da ke ginin Gaskiya ya fitar da tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara. Da Turanci aka buga shi.