Na rubuta mata “wata tsohuwa”

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na koma gida Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, da rakoda da kaset uku, ina neman tatsuniyoyin da zan rubuta kundin digiri a kansu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Iya, ta ba ni dare shida. Tana ɓarar gyaɗa tana zubo tatsuniyoyi, in ta zo kan Gizo ta maƙale murya da tsamin bakinsa, yara su yi ta ƙyaƙyatawa.

Wajen juye tatsuniyoyin a takarda na yi ɓarnar. Na karanta tarin tatsuniyoyi na Frank Edgar da aka fara bugawa a Belfast a 1911, na karanta Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, sai na ƙudurta nawa ma ya yi kama da littafi. Na goge Hausar bakinta na mayar da ita daidaitacciya. Waƙoƙin da take rerawa a tsakiyar labari na zubar, wai suna cin shafi. A ƙarƙashin kowace tatsuniya na rubuta “wata tsohuwa”. Kaset ɗin kuwa na ɗauki lacca a kansu.

Sai da na fara koyarwa na ci karo da aikin Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ta ƙasar Ailan, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Daga 1937 suka tura 'yan firamare sama da 50,000 wajen iyaye da kakanni, kuma aka umarci yaran su rubuta sunan mai ba da labarin da shekarunsa da garinsa. Yau jika yana iya neman sunan kakarsa a intanet ya ga abin da ta faɗa. Abin da yara suka kiyaye, ni mai neman digiri na wofintar. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Yanzu ba na karɓar aikin ɗalibi sai na ga sunan mai labari, da wanda ya ji daga bakinsa, na kuma saurari muryar.

Bayan rasuwar Iya na je gaisuwa. 'Yarta ta ce, “Malam, kaset ɗin nan yana nan? Jikokinta suna son jin muryarta.”

Na ce, “Yaya, ki gafarce ni, ni na goge shi da hannuna.”