Gilashin walda da husufin 2006

A farkon shekarun 2000, lokacin da na koyi ɗaukar hoto a Dutsin-Ma, abincin mai hoto yana wurin biki da suna da hoton fasfo da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Fim ake sa wa kyamara, Kodak ko Fuji ko Konica, mai ɗauka 36. In ya cika sai a tara a ba direba ya kai wanki Katsina ko Kano. Kowace ɗauka kuɗi ce, saboda haka duk wanda ya ɗaga kyamara ya auna sama, kallon wanda bai san zafin nema ba ake yi masa.

Maigidana yana cikin waɗanda ake yi wa wannan kallo, kuma ko a jikinsa. Yana da wani tsohon gwangwanin alewa da yake ajiye filtoci a ciki, kowace a naɗe da ƙyalle. Akwai wadda aka tsattsaga wa layuka sirara, wadda ke mayar da kowane ƙwan lantarki tauraro mai tsini huɗu ko shida. Ita ce ke kawo mana ciniki a daren kamu, don ƙawayen amarya ba abin da suke so kamar su ga fitilun janareta suna walƙiya a bayansu. In mun manta ta a shago, sai ya yanko ragar waya ta taga ya kara a bakin kyamara, aikin kusan ɗaya ne. Akwai farar filta da yake shafa wa basilin a gefe-gefe don fuska ta fito da taushi. Akwai kuma mai ɗan hazo, wadda ke kumbura manyan taurari har a iya tsince su daga cikin ƙanana. Ran da na tambaye shi wacce ta fi ƙara wa hoto kyau, cewa ya yi: "Kai yaro, filta ba ta ƙara komai, ragewa take yi. In ba ka san abin da za ka rage ba, bar ta cikin gwangwani."

Da kaka muke fita. Da hunturu hazo ya rufe sama, da damina hadari, amma in ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, an wanke sama tas, ƙura ba ta riga ta taso ba. Sai mu hau babur bayan isha'i mu bi hanyar Katsina, mu ratse wajen duwatsun Kurfi inda ba fitilar kowa sai ta masu shayi can nesa. Wani lokaci mu yi kudu, bakin madatsar ruwa ta Zobe, inda taurari ke sauka a kan ruwa. Ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya mayar da ita kan harafin B, ya danna waya ya kulle, idon kyamara ya zauna a buɗe. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in aka bar fim ya sha haske tsawon awa guda, taurari sai su fito zare-zare, sun lanƙwasa suna kewaya tauraron arewa. Shi wannan tauraro a wajenmu ƙasa-ƙasa yake, bai wuce digiri 13 daga doron ƙasa ba, abin da ya sa ake samun dutse da kuka da da'irar taurari duk a hoto ɗaya. Aikina shi ne in rufe bakin tocila da jar ledar alewa in riƙa shafa haskenta a jikin dutse, ba tsayawa wuri ɗaya, ba haska kyamara. Kafin mu naɗe kaya, Kaza da 'ya'yanta ta yi sama sosai.

Wahalar tana wurin wanki. Masu injin in suka ga fim baƙi-baƙi sai su ɗauka ya ƙone, su tsallake shi. Dole Maigida ya riƙa haɗawa da takarda cewa a buga duka, ko da ba a ga mutum a ciki ba.

Sai ga watan Maris na 2006. Ana gama hidimar ƙidayar jama'a, rediyo ta koma maganar husufin rana da za a yi ranar Laraba 29 ga wata, a ƙarshen Safar. Inuwar wata za ta shigo ta Ghana da Togo da Benin, ta ratsa Shaki da Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya. Mu muna cikin hanyarta. An yi ta gargaɗi kada a dubi rana da ido, amma kowa da dabararsa: masu turara fasasshiyar kwalba da hayaƙin aci-bal-bal, masu tara tsofaffin fina-finan hoto, masu shirin kallo a cikin kwanon ruwa. Ba ɗaya a cikinsu da ke kare ido. Hayaƙi da fim mai kala suna rage hasken da ido ke gani, har mutum ya saki jiki ya ƙura ido, amma zafin da ke ƙona bayan ido yana wucewa abinsa, kuma ba a jin ciwon sai an makara. Yaran gari suka dame mu da roƙon tsohon fim, Maigida ya hana ko guntu ya fita daga shago.

Duk filtocin gwangwani babu mai iya tare rana. Wurin masu walda ya je ya samo gilashi mai lamba 14, wanda ya fi wanda suka saba aiki da shi duhu. Ya yanka kwali ya yi masa gida, ya naɗe da baƙin salatif yadda haske ba zai kutsa ta gefe ba, ya kifa a bakin doguwar lens mai milimita 200.

Da hantsi muna kan wani faffaɗan dutse a bayan garin Kurfi. Cikin gilashin rana koriya ce shar, an ɓantare mata gefe ɗaya, ɓantaren yana ƙaruwa a hankali. Zafin bazara ya fara sassautawa. A ƙarƙashin wata bedi da ke gindin dutsen, hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganyaye ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a shimfiɗe a ƙasa. Wani dattijo da ya fito daga gona ya tsaya yana duban abin, ya juyo wurina.

"Samari, wannan ma aikin injin naku ne?"

"A'a Baba, ikon Allah ne. Ku zo ku duba ta nan, kada ku ɗaga kai haka nan."

Ya karɓi guntun gilashin da muka rage, ya kara a ido, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini yana salati, ya nufi masallaci, inda aka riga aka tayar da sallar husufi.

Wajen ƙarfe goma da rabi haske ya zama wani iri, kamar na fitilar da kananzir ya ƙare mata. Iska mai sanyi ta taso, kaji suka nufi akurki, kabbara ta tashi daga cikin gari. Sai ɗigon hasken ƙarshe ya ɗauke, cikin kyamara ba a ganin komai. Maigida ya ce, "Cire gilashin! Cire!" Na fizge kwalin. Ga baƙin faifai a tsakiyar sama, farin haske mai laushi yana tashi kewaye da shi, Zara ta fito fili da rana tsaka, gefen duniya kuma ta ko'ina ja-ja kamar magariba. A wannan ɗan lokaci kaɗai, sa'ad da wata ya rufe rana ruf, ake iya kallo da ɗauka ba filta. Yana ɗauka yana sauya tsawon lokacin buɗewa, hannunsa na rawa. Da haske ya tsargo daga gefe, kafin ya yi magana na mayar da gilashin.

Da hotuna suka dawo daga wanki, rana ba ta kai milimita biyu a kan fim ba. An faɗaɗa ɗaya aka manna a ƙofar shago, mutane suka yi ta tsayawa suna nuna wa juna.

Bayan nan abubuwa suka sauya da sauri. Kyamarar dijital ta kori fim, waya ta rage wa masu hoto ciniki. An kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gari ya buɗe, fitilu suka yawaita. Na sayi filta mai launin shunayya da ke tace rawayan hasken tsofaffin fitilun titi, amma da fitilun sola masu farin haske suka zo sai ta rasa abin yi, domin farin haske ya haɗa dukkan launuka, ba a iya tsame shi a bar na taurari. Maganinsa ɗaya ne, a yi nisa da gari. Nisan kuwa shi ne ya gagara. Tun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke kewaye da dajin Rugu, har aka katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu a watan Satumbar 2021, babu mai hankalin da zai kafa ƙafa uku a kan dutse da tsakar dare yana wasa da tocila. Duhun da muke hawa babur mu je nema, yau gudunsa ake yi.

Ranar 2 ga Agustan 2027 wata zai sake rufe rana ruf a Masar da Makka, mu a nan za mu ga an ci wani sashenta. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta sake ratsa Nijeriya, ta kudancinta. Ina kira ga masu hoto da malaman makaranta na yankinmu su tanadi filtar rana ta gaskiya tun da wuri, ko gilashin walda mai lamba 14, su kuma hana yara kwalba mai hayaƙi. Kyamara in ta ƙone ana sayen wata, ido kuwa ba a kasuwa ake samunsa ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya nuna mana lokacin.