Allon Dala Goma

A shekarar 2012 wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila, wadda Eben Upton ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35. Sunanta Raspberry Pi. Manufar ita ce yara su sami na'urar da za su yi wasa da ita, su ɓata, su gyara, ba tare da iyaye sun yi asarar dukiya ba. A 2015 aka fitar da ƙanwarta, Pi Zero, a kan dala 5, sannan a 2017 aka ƙara mata wayafai aka kira ta Zero W, dala 10. Wannan ta ƙarshen ce nake ajiye da ita, kuma ita ta fi kowace na'ura koya mini sanin darajar wuri.

Duk yaren da ake rubuta manhaja da shi yana bukatar tafinta. Kai ka rubuta umarni da kalmomin da ɗan Adam zai iya karantawa, tafintan ya mayar da shi abin da ƙwaƙwalwar na'ura ke fahimta, ya kuma riƙa raba wa manhajar wurin ajiya. Ni da JavaScript nake cin abinci, tafintana kuwa Node.js ne, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009 a kan injin V8 na burauzar Chrome. Injin an gina shi ne don manyan kwamfutoci. Zero W kuwa ƙwaƙwalwa ɗaya tal gare ta, da ram mai megabait 512. Kamar ka shigo da babban baƙo ne ɗakin zaure.

Aikin da na ba ta ƙarami ne. A gidanmu akwai sola da batura, kuma mahaifiyata tana ajiye maganin ciwon sukari a firiji. Allon ba ya iya auna ƙarfin wuta da kansa, sai na haɗa masa wani ɗan guntu mai aunawa. Duk minti biyar yana duba batir, in ya ga ya yi ƙasa ya turo mini saƙo a waya, ni kuma in kira ƙanena ya kashe fanka da talabijin. Wutar da allon ke ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Fawa banki na iya riƙe shi tsawon sa'o'i.

Matsalar farko ba daga allon take ba. Ƙwaƙwalwarsa tsohon tsari ce da ake kira ARMv6, kuma tun sigar Node.js ta 12 da ta fito a 2019 aka daina fitar da kunshin hukuma na wannan tsari. Wanda ya sauke na ARMv7 ya kunna, allon zai ce an ba shi umarnin da bai sani ba, ya tsaya cak. Abin da ya cece mu shi ne wasu masu sa kai da ke ci gaba da haɗa kunshin tsohon tsarin suna ajiyewa a wani sashe na daban. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma firijin mahaifiyata na cin albarkacinsu.

Ta biyu ita ce wuri. V8 yana da mai shara, wanda ke bi yana kwashe abin da manhaja ta gama amfani da shi. A babbar kwamfuta yakan bari shara ta taru kafin ya motsa, domin fili na nan. A nan kuwa in ram ya cika, Linux ba ya lallashi: sai ya zaɓi manhajar da ta fi cin wuri ya kashe ta. Akwai dabarar aron wuri daga katin memori, amma yawan rubutu na tsufar da katin, ga shi da nawa. Don haka na sa wa Node.js iyakar abin da zai ci, na kuma zauna na duba kowane kunshin da manhajar ta dogara da shi. Wanda ba dole ba na cire, na rubuta layuka ashirin da hannuna a madadinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wani zai ce me ya sa ban sayi Zero 2 W ba, wadda ta fito a 2021 da ƙwaƙwalwa huɗu? Ko in koma MicroPython, wanda Damien George ya fara a 2013, wanda ke zama lafiya lau a kan Pico mai kilobait 264 kacal? Gaskiya ne, ko wanne zai yi. Amma allon da ke hannuna lafiyarsa ƙalau. Manhaja ce ta yi gaba ta bar shi.

Wannan ne ke damuna, domin abin da ke faruwa da wayoyin mutanenmu ke nan. Mai shago a Kasuwar Kwari, ko ɗalibar da ta gaji wayar yayanta, ba su yi wa wayar komai ba. Wata rana kawai manhajar banki ta ƙi buɗewa, ko ta ce a sabunta, sabuwar kuma ta fi ƙarfin wayar. Mu masu rubuta manhajar muna zaune da manyan kwamfutoci da intanet mai gudu, ba ma jin nauyin abin da muke ɗora wa mutane.

Yanzu a wurin aiki, kafin in amince da sabon kunshi sai na tambayi nauyinsa. Na kuma sa an sayi tsohuwar waya mai ram gigabait 1 an ajiye a ofis. Manhajar da ba ta buɗe a kanta ba, ba ta fita.