Lambar Goggo

Wata Talata da asuba na buɗe wayata na tarar sunaye sama da 300 sun shigo rajistar ajin ɗinkin da muke shirya wa matan unguwarmu kyauta. Kekuna 12 kacal muke da su. Har na fara murna, sai na duba da kyau. Haruffa ne barkatai, wasu ma tallan caca aka cusa a gurbin suna. Ashe ƙananan manhajoji ne masu yawo a intanet dare da rana, duk fom ɗin da suka ci karo da shi sai sun cika.

Ƙanena da ya haɗa mana fom ɗin ya ce, "Yaya, abu mai sauƙi. Kowacce ta sa lambar waya da ta NIN, a tura mata saƙon tabbatarwa." Na amince, har na kai maganar wurin Goggo, wadda ita ta fara neman shiga ajin.

"'Yar nan, ni kam lambata ba zan bayar ba," in ji ta. Tun da ta rubuta lambar a takardar wani tallafi da har yau ba ta gani ba, 'yan damfara suka hana ta sakat. Yau a ce ta ci kyauta, gobe a ce an rufe mata asusu. Sai na tuna yawancin ɗalibanmu zawarawa ne, kuma akwai wadda ba ta so dangin tsohon mijinta su san inda take. Idan na tara lambobinsu, aka sace wayata a kasuwa, me zan ce musu? Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ma ta hana a karɓi bayanan da suka wuce buƙata.

Muka gwada reCAPTCHA, wadda Google ya saya a 2009, mai sa mutum ya zaɓi hotunan motoci ko fitilun hanya. Goggo ta yi ta dannawa a ƙaramar wayarta, hotunan na ƙin buɗewa, data na zurarewa. Ga shi kuma bayanan na'urar mai shiga suna tafiya wurin kamfanin. Muka cire.

A ƙarshe tarko muka ɗana. Ƙanena ya sa wani gurbi a ɓoye, wanda idon mutum ba ya gani. Manhaja kuwa ba da ido take karatu ba, duk gurbin da ta samu cikawa take, don haka duk rajistar da ta zo da gurbin nan a cike sai a watsar. Ya kuma sa a lura da lokaci, tunda ba mutumin da zai gama fom cikin daƙiƙa 2. Muka ƙara tambaya ɗaya da Hausa: me ake zura wa allura?

Tarkon ba ya kama duka. Kullum da daddare nakan goge biyu ko uku da hannuna, kuma na yarda da wannan ɗan wahalar. Suna da unguwa kawai muke tambaya yanzu, da an kammala aji mu share.

Goggo ta yi rajista da kanta. A wurin tambayar ta rubuta "zare", ta ɗago ta harare ni, wai wannan ma har tambaya ce.