Ina iyaye maza suka shiga?

Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake, kuma kun san halina, in ban amayar da abu a nan ba barci ba ya zuwa. Masu bibiyar shafin nan sun san a makarantarmu mun fara zama da iyayen 'yan ƙaramar sakandare kan maganar taba da shaye-shaye. Jiya Asabar aji ya cika maƙil da mata, wasu da goyo, har da wata kaka mai dogara sanda. Ɓangaren maza kuwa, in ka cire mu malamai da maigadi, benci ɗaya ma bai cika ba, alhali da sunan uba muka rubuta kowace takardar gayyata. Abin da ya ƙarasa ni, bayan magariba na haɗu da wani uba a ƙofar masallaci, ɗansa yana ajina. Na ce, "Alhaji, ba mu gan ka ba." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai na tura uwarsa. Tarbiyya ta mata ce, ni nawa cefane da kuɗin makaranta."

To Alhaji, uwarsa tana cikin gida. Yaro namiji da ya kai shekara sha uku, sha huɗu, mu da kanmu muke fitar da shi shagon ƙofar gida, mu ce ya girma. Uwa ba ta leƙa shago. Ba ta san majalisarsu ba, ba ta san wa yake zama da shi a teburin mai shayi ba, ba ta san ƙarfe nawa ake tashi daga gidan kallon ƙwallo ba. Wanda yake wucewa ta gaban shagon nan kullum a hanyarsa ta masallaci kai ne. Kana jin kiɗa, kana ganin takalma birjik a bakin ƙofa waɗanda ba ka san masu su ba, kana jin turaren wuta ya turnuƙe ɗakin samari da tsakar rana, amma ba ka taɓa yin sallama ka shiga ka zauna ba.

Kuma kada wani ya ce muna kambama abin. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A Kano kaɗai sama da miliyan ɗaya ne. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce, don haka masu cewa "ni 'ya'yana duk mata ne" su ma su gyara zama. A shekarar ne BBC ta fito da rahoton nan na kodin, gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi nan take. Mun yi murna. Sai yara suka koma tiramol da roci, marasa kuɗi suna nan da sholishonsu da wiwi, 'ya'yan masu hali suna gidajen shisha. Hukumar NDLEA mai yaƙi da shaye-shaye tana kame, shugabanta Buba Marwa yana ta fama tun 2021, amma jami'in NDLEA ba zai zo ya kwana a shagon ɗanka ba.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa: wai yanzu Turawa ne za su koya mana tarbiyya? Wallahi abin da ake yi a zaman nan babu wanda kakanninmu ba su sani ba, mu ne muka watsar. Wani sanannen tsari, wanda wata jami'a a jihar Ayowa ta Amurka ta fito da shi don 'yan shekara 10 zuwa 14, zama bakwai ne kacal, sau ɗaya a mako. Awar farko iyaye daban yara daban, awa ta biyu a haɗa su. Mu ma kusan haka muke yi. Ana koya wa uba ya kafa doka a fili, ƙarfe kaza kowa ya dawo gida, hukuncin saɓawa kaza, kuma ya tsaya a kai, ba yau ya yi kamar bai gani ba gobe ya ɗauko wayar wuta. Ana koya masa ya san abokan ɗansa da sunansu da gidajensu. Ana koya masa ya yaba wa yaro in ya yi daidai, wanda a wurin yawancinmu ya fi duka wahala. Su kuma yaran ana gwada musu a aikace: wani ya zama babban yaro mai miƙa kwalba yana cewa "kai har yanzu ɗan Mama ne," ɗayan ya koyi abin da zai faɗa da yadda zai tashi ya bar wurin ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Sai an zo awar haɗa iyaye da yara, yaro ya waiwaya, uwa ce zaune. Kuma uwar da ta koma gida ta ce daga yau ƙarfe tara za a rufe ƙofa, in maigida bai sa baki ba, ku da kanku kun san inda dokar za ta kwana.

A ƙasar Ayislan, a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 ya koma kashi 5. Masu shan taba kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Cikin abin da suka yi har da hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe goma na dare a lokacin sanyi, iyaye suna sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu, suna zagaya unguwa da dare. Wato "ɗa na kowa ne" da muke faɗa da baki, su suka yi shi da ƙafa. E, ƙasa ce ƙarama mai kuɗi, sun zuba kuɗi a wasanni, na yarda. Amma zagaya layinku bayan isha'i nawa ake biya?

Sai masu cewa shiriya ta Allah ce, ɗan Annabi Nuhu ma bai shiryu ba. Gaskiya ne. Amma Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ruwa ya taso yana kiran ɗansa da bakinsa, bai aika uwarsa ba. Amana ce, kuma ranar da za a tambaya ba rasit ɗin kuɗin makaranta za a nema ba. Masu cewa neman abinci ya hana su, na fi kowa sanin halin da ake ciki, albashina kun san shi. Amma ranar ɗaurin aure ko taron siyasa ba na ganin benci babu kowa. Masu cewa "kai naka 'ya'yan fa," ban ce na fi kowa ba, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne uban da zai miƙa wa ɗan shekara tara kuɗi ya ce je ka sayo min kara biyu wurin mai tireda. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara. Yaro ya riƙo ta a hannu tun daga bakin titi, yana sansana, sannan bayan shekara biyar ka ce abokai ne suka lalata shi.

Ɗan abin da na gani a aji, ga shi ga mai so. Yaron da ba ya rabuwa da robar lemo guda tun safe, yana kurɓa kaɗan-kaɗan kuma ba ya bari ƙaninsa ya taɓa, a duba. Harshe ko leɓe ya yi shuɗi, a duba, roci yana yin haka. Barcin rana mai nauyi, magana tana jan ƙafa, canji yana ɓacewa a ɗakin uwa, cingam da turare ba dalili. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, kada a je a kama yaro da duka a ce Malam ne ya faɗa. In kuma ta tabbata ya yi nisa, asibiti za a nufa. Akwai na Dawanau a nan Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato. Don Allah a daina kai yara gidan mari a ɗaure su da sasari. Kowa ya ga hotunan ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, da tabon bulala a gadon baya. Yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. A nan ne kawai za ka ga uba ya ajiye kasuwa ya ɗauki yaro da kansa.

Maganar mai kemis ɗin unguwa da kowa ya san abin da yake sayarwa ta bayan kanta, amma muna sahu ɗaya da shi ba mai ce masa uffan, wannan sai wani rubutun.