Digirin Kwatano: Wa Ya Tsaya wa Takardar?



Sunan garin nan da muke zaune ya daɗe a bakin Hausawa. A Kano da Katsina da Sakkwato, idan aka ce mota 'yar Kwatano ce, an san ta taɓa hannu, amma ba wanda ke raina ta, sau da yawa ma mai saye ya fi sakin jiki da ita. Shadda da atamfa da shinkafar da suka sauka a tashar jiragen ruwan garin nan sun ciyar da gidaje da yawa a cikinmu, sun aurar da 'ya'ya, sun kai iyaye Makka. Sai ga shi tun farkon shekarar 2024 an liƙa wa sunan wata kalma da ta mayar da shi abin ba'a. Yau idan matasa biyu suka yi musu a Facebook, ɗaya ya ga ɗayan ya yi kwaɓa, sai ya ce masa: "Kai dai da gani digirin Kwatano ne da kai." Mu da muke kwana muke tashi a Kwatanon, maganar tana sukar mu, domin muna da 'ya'ya da ƙanne da suka yi shekara uku, wasu biyar, suna sammakon zuwa Abomey-Calavi a bayan zemijan, rana da ruwan sama, kafin su riƙe tasu takardar.

Asalin maganar sananne ne. A ƙarshen watan Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya ɓad da kama ya sayi digirin aikin jarida daga wata makaranta mai zaman kanta a nan garin cikin mako 6, bai shiga aji ba, bai zana jarrabawa ba. Da wannan takarda ya samu shiga bautar ƙasa a Nijeriya, alhali ya taɓa yin ta a baya. Ranar 2 ga Janairu 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce tsakanin 2019 da 2023 sama da mutum 21,000 ne suka samo takardun bogi daga Benin, sama da 1,000 kuma daga Togo. Ya ƙara da cewa jami'o'i 5 ne kawai a Benin da 3 a Togo ƙasarsa ta amince da su. A cikin na Benin akwai ta Abomey-Calavi, da ta Paraku, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Abomey, da jami'ar aikin gona ta ƙasa.

Mun ga yadda kasuwar ta cika kafin ta watse. Yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Iyayen da suka gaji da ganin 'ya'yansu zaune a gida suka juyo da su ta iyakar Seme. Makarantu masu koyarwa da Ingilishi suka yi ta tsirowa a ƙasar da harshen gwamnatinta Faransanci ne, wata a bene mai hawa uku, wata a gidan haya da aka canja wa fenti aka kafa wa allo. Yaran sun kama ɗakuna a unguwanninmu, sun ci tuwo a rumfunan iyayenmu mata, mun yi sahu ɗaya da su a babban masallacin Zango ranar Juma'a. Mafi yawan waɗanda muka sani karatu suka zo yi da gaske, kuma iyayensu sun sayar da gona ko shanu kafin su haɗa kuɗin makaranta. Da hukunci ya sauko, bai tsaya bambance wanda ya zauna aji da wanda ya aiko da kuɗi ta waya ba. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Abin da ya kamata mu fahimta a nan shi ne yadda takarda ke samun daraja. Takardar digiri shaida ce: wasu mutane sun sa hannu cewa wane ya karanci kaza, an gwada shi, ya iya. Darajar shaida kuwa tana ga mai ba da ita, shi ma mai ba da ita sai an samu wanda ya tsaya masa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure ba sa ɗaukar mutum malami don ya naɗa rawani, sai sun ji a gaban wa ya durƙusa, wane littafi ya sauke, wa ya ba shi ijaza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir domin ya jera silsilar waɗanda ya karɓi ilimi ta hanyarsu, ƙaninsa Abdullahi ya lissafa malamansa a cikin Ida'un Nusukhi. Malaminsu Jibrilu ɗan Umaru sai da ya je Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala Zabidi. Haka alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya yanke wa kansa hukuncin ya iya. Yakan miƙa rubutun ga waɗanda suka riga shi, su bi shi wasali da ɗigo, kafin a kira shi da sunan da yake nema. Abin da jami'o'i ke kira tantancewa ke nan, sai dai an mayar da shi aikin hukuma, da ma'auni a rubuce.

Ma'aunin farko lokaci ne. Ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma sun amince tun 2007 su bi tsarin nan mai hawa uku da ake kira LMD: lisansi, masta, dakta. Lisansi zango 6 ne na karatu cikin shekara 3, kowane zango da maki 30 na aiki, jimilla 180. Kowane maki ɗaya yana tsaye ne a madadin awa 20 zuwa 25 na wahalar ɗalibi, tsakanin zama a aji da gwaji da nazari a gida. Idan aka lissafa a kan mafi ƙaranci, lisansi ɗaya awa 3,600 ne. Mako 6 kuwa, ko da mutum bai runtsa ba, bai ci ba, bai yi salla ba, awa 1,008 ne, bai kai ko sulusi ba. Duk ɗan kasuwar Dantokpa da ya san mudu ya san cewa ba a auna tiya a cikin ludayi.

Ma'auni na biyu malamai ne. Masu tantancewa sukan tambayi malamai nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan haya da ke zagaya makarantu huɗu a rana guda, nawa ne suka kai matakin dakta, kuma ɗalibai nawa ke wuyan kowane malami. Daga nan su duba manhaja, darasi bayan darasi, ko abin da aka rubuta shi ake koyarwa. Su shiga ɗakin karatu su ga littattafan, su shiga ɗakin gwaji su ga ko na'urorin suna aiki ko ado ne. Su ɗauko tsofaffin takardun jarrabawa su ga irin tambayar da aka yi da yadda aka ba da maki. Su nemi rajistar da ke nuna ranar da ɗalibi ya shiga da ranar da ya fita. Makaranta ce ke fara auna kanta ta rubuta rahoto, sannan a turo malamai daga wasu jami'o'i su gwada rahoton da abin da idonsu ya gani. Hikimar ke nan: mai kaya ba ya zama shi ne mai awo.

Su wa ke wannan awo? A nan Benin ƙofar farko ita ce Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi. Ita ke ba da izinin kafa makaranta da izinin buɗe ta, kuma izinin buɗewa daban yake da amincewa da takardar da makarantar za ta bayar. Saboda wannan giɓin ne gwamnatin Patrice Talon, a zamanin minista Marie-Odile Attanasso, ta kawo jarrabawar ƙasa ta lisansi da masta a 2017, domin ɗalibin makaranta mai zaman kanta ya zana jarrabawar da ba makarantarsa ce ta tsara ba, ya fito da takarda mai hatimin gwamnati. An yi ta ƙorafi a lokacin, amma yau duk wanda ke riƙe da irin wannan takarda ya san amfaninta.

Ƙofa ta biyu ita ce CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda shugabanni suka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. A 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da takardun juna, domin wanda ya yi karatu a Kwatano a karɓe shi a Yamai ko Dakar ko Abijan. Ita ce kuma ke auna malaman jami'a kafin su hau mataki zuwa farfesa. A nan akwai abin lura guda biyu da dillalan makarantu ba sa faɗa. Na ɗaya, amincewar tana sauka ne a kan fanni, ba a kan ginin makaranta ba. Ana iya amincewa da lisansin lissafin kuɗi na wata makaranta, alhali fannin jinya da ta buɗe bara ba wanda ya taɓa duba shi. Na biyu, amincewar tana da wa'adi, shekara 5 ne, sai a sake awo. Tambarin da aka manna a allon ƙofa tun shekara goma da suka wuce ba hujja ba ne a yau.

Ƙofa ta uku ta shafi wanda zai koma Nijeriya da takardarsa. Nijeriya ba ta cikin CAMES, tana da tata hukumar jami'o'i, NUC, da aka kafa a 1962. Ita ma fanni-fanni take aunawa, ta ba da cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Takardar da aka samo a waje kuwa sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi a Abuja an tantance ta. Saboda haka makaranta tana iya zama halattacciya a Kwatano, amma takardarta ta tsaya a Seme. Mu da rayuwarmu ke tsakanin ƙasashe uku, ɗa a Kwatano, kawu a Maraɗi, surukai a Kano, mun fi kowa bukatar sanin inda kowace takarda ke iya kaiwa.

Ba za mu wanke kowa tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makarantar da ta sayar da takarda ta ci amanar ilimi, amma da ba masu saye, da ba ta buɗe shago ba, kuma jami'an da suka buga hatimi a kan takardar da ba su bincika ba a can ƙetaren iyaka suke. Haka nan rufe ƙofa a kan kowa da kowa ya cutar da yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Waɗannan duka gaskiya ne, sai dai ba su ne rabonmu na aikin ba.

Rabonmu yana cikin abin da aka san Zango da shi tun zamanin fataken goro. Baƙo idan ya sauka, a hannun maigida yake sauka. Maigida ne ke ba shi masauki, ya nuna masa wanda zai saya da wanda zai guje wa, ya tsaya masa lamuni idan za a ba shi kaya bashi. Jarin maigida ba kuɗi ba ne, kalmarsa ce. Yau baƙon ɗalibi ne, hajar kuma makaranta. Idan waya ta shigo daga Gusau ko Zinder, aka ce: "Alhaji, ga ɗanka nan zan turo maka, a nema masa makaranta mai sauƙi," to an ɗora mana irin nauyin da aka ɗora wa kakanninmu. Amsar da ta dace da maigida ita ce: "Yaya, bari in bincika tukuna." Sai mu taka da ƙafarmu mu je. Mu nemi ganin takardar izinin ma'aikata da lambarta da shekararta. Mu tambaya ko wannan fannin da yaron ke so, shi kansa, an amince da shi, kuma yaushe wa'adin zai ƙare. Mu tambaya ko ɗalibansu na zana jarrabawar ƙasa, nawa suka shiga bara, nawa suka ci. Mu leƙa aji ranar Talata da hantsi mu ga ko akwai malami a tsaye. Wanda ya ce za a haɗa wa yaro shekara uku cikin wata shida, ko ya ce ba sai ya zo ba, ya riga ya gaya mana abin da yake sayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka ci bak bana, maza da mata, muna cewa: kada ba'ar da ake yi ta sa ku raina jami'o'in ƙasar da aka haife ku. Jami'ar Abomey-Calavi tun 1970 take, lokacin ana kiranta Jami'ar Dahomey, ta yaye likitoci da alƙalai da injiniyoyi da ke aiki a ciki da wajen Afirka. Ta Paraku tana nan tun 2001, kusa da 'yan'uwanmu na arewa. Akwai cunkoso, akwai wahalar Faransanci ga wanda ya tashi da Hausa a gida da allo a makarantar dare, akwai tsadar mota da ta takardu. Amma takardar da aka sha wuya a kanta ita ce mutum ke ajiyewa a gaban kowace hukuma gabansa bai faɗi ba. Ku adana sakamakon kowane zango, da rasit na kuɗin makaranta, da katin ɗalibi na kowace shekara, domin su ne silsilarku ranar da za a tambaye ku a gaban wa kuka durƙusa.

Ga iyayenmu kuma, masu unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, muna roƙo da ladabi: a cikinmu akwai waɗanda suka yi karatun nan suka san ƙofofinsa. A sa su gaba, a sanar a masallaci cewa duk mai son sa ɗa a jami'a ya fara tuntuɓarsu kafin ya biya ko dala. Likitan da zai duba jikokinmu da injiniyan da zai auna ginin da za mu kwana a ciki daga irin waɗannan azuzuwa za su fito.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare mana mutuncin Zango, Ya sa mu zama masu riƙon amanar baƙo. Amin.